Fentin da ya ƙi zama a kan fuskar dodo: nazarin matsalar wani mai zuba fuskokin roba a Amurka

Asalin sana'ar da mai ita

A daren 31 ga Oktoba na kowace shekara mutanen Amurka suna bikin Halowin, inda yara da manya ke yin shigar dodanni, gawawwaki da aljanu. Tun daga ƙarshen Satumba ake buɗe gidajen ban tsoro, wato gine-gine ko gonaki da aka shirya domin mutum ya biya kuɗi ya ratsa cikin duhu, 'yan wasa masu fuskar dodo suna fitowa daga lungu suna razana shi. Yawancin fuskokin da suke sawa na roba ne mai rufe kai gaba ɗaya, irin wanda Don Post ya yi suna da shi tun daga ƙarshen shekarun 1930. Masana'antu suna buga irinsu da yawa da araha, amma har yau akwai masu yin na hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma gidajen ban tsoro da dama suna neman nasu saboda ƙarko da kyawun fenti.

Wanda wannan nazari ya shafa mutum ne mai aikin albashi a wani gari a jihar Ohayo, wanda ya mai da garejin gidansa wurin aiki. Ya shafe kusan shekara 2 yana yin fuskokin nan don sha'awa. A wannan tsakanin ya yi guda 7, kowace da nata mazubin, kuma dukansu a kan kantar ajiya suke zaune a ɗakinsa, ba a taɓa sa ko ɗaya fiye da 'yan mintoci don ɗaukar hoto ba.

Hanyar da yake bi ita ce wadda aka saba. Ana sassaƙa kan dodon da yumɓu a kan wani butum mai siffar kan mutum, a ɗan fi girman da ake so domin roba tana tsukewa idan ta bushe. Sai a lulluɓe sassaƙar da filasta, danginsu garin da magina ke kira POP, a yi ta ɓari biyu, gaba da baya. Idan filastar ta kama sai a buɗe, a kwashe yumɓun, a haɗa ɓarin biyu a ɗaure, a samu mazubi mai rami. A cikin ramin ake tsiyaya ruwan roba, wanda asalinsa ƙaron itacen roba ne da aka zuba wa amoniya don kada ya daskare. Kusan kashi 60 cikin 100 nasa roba ce, sauran yawanci ruwa ne. Filasta tana da ƙishirwa, tana tsotse ruwan da ke jikin bango, sai robar da ta rasa ruwanta ta lafe ta zama fata. Bayan kamar awa ɗaya sai a juye abin da ya rage cikin bokiti, a bar fatar ta bushe, a zare ta, a datse, a yi fenti. Duk aikin ya dogara ne a kan wannan tsotson da filasta ke yi.

Yuli: kwangila, sassaƙa da mazubi

A makon farko na Yuli masu wani ƙaramin gidan ban tsoro suka ga hotunan aikinsa, suka ba shi aikin fuska 12 iri ɗaya: dodo mai gajerun ƙahoni, da fata mai tamoji, da baki a wangale. Aka yi yarjejeniya zai kawo su a tsakiyar Satumba, 'yan wasa su saba da su kafin a buɗe ƙofa. Wannan ne karon farko da zai zuba fuska fiye da ɗaya daga mazubi guda.

Ya yi sassaƙar cikin kwana 12 da yumɓu mai maiƙo, wanda ba ya bushewa ko an bar shi a buɗe, domin da dare kawai yake samun lokaci. Da yawa daga masu wannan sana'a sun fi son yumɓu mai ruwa don babban aiki irin wannan, amma shi yana bukatar a riƙa fesa masa ruwa ana rufe shi da leda, kuma mutumin ya ga ba zai iya wannan hidimar ba. Da ya gama bai fesa wa sassaƙar siririn banish ɗin da ake fesawa don raba yumɓu da filasta ba, saboda gwangwanin da yake da shi ya ƙare, kuma a baya ya taɓa tsallake matakin bai ga illa ba.

Ya gina katangar yumɓu daga kunne zuwa kunne ta tsakar ka, ya zuba ɓarin gaba, ya ƙarfafa shi da tsumman algarara da aka tsoma a filasta, har kaurinsa ya kai kamar santimita 4. Kafin ya zuba ɓarin baya ya shafa basilin a leɓen na gaba don kada su manne. Ya shafa da yatsa, da yawa, har ya zarce kan sassaƙar a wajen kunnuwa da gindin ƙahoni. Da ya buɗe mazubin ya kwashe yumɓun da cokalin katako, ya goge da tsumma, ya bar shi kwana 6 a rana yana bushewa. A ido mazubin ya fito tsaf, kowane tamoji ya bayyana.

Makon farko na Agusta: zubi huɗu

Ya tsara zai riƙa zubi ɗaya kullum. Da yamma ya cika mazubin, ya bar shi minti 60, ya juye, ya kifa shi ya tsane, washegari da yamma ya zare fuskar ya sake cikawa nan take. Bazarar Ohayo tana da laima sosai, garejin kuma ba shi da taga sai babbar ƙofa da yake rufewa saboda ƙwari.

Fuska ta farko ta fito da kauri kamar milimita 3, tana iya tsayuwa da kanta. Ta biyu ta ɗan fi ta sirantaka. Ta huɗu ba ta kai milimita 2 ba, tana da laushi kamar ɗanyen fata, kuma da ya ɗaga ta a gaban fitila sai haske ya riƙa ratsawa ta wajen kunnuwa da gindin ƙahoni. Dukansu lokaci ɗaya suka yi a mazubi, daga bokiti ɗaya. Ya lura da bambancin, amma ya ɗauka ruwan robar ne ya fara tsinkewa, ya ƙudura zai ƙara lokaci a gaba.

Ɗanyar roba tana manne wa kanta, don haka ake barbaɗa hoda yayin zarewa. Shi ya barbaɗa ciki da waje, ya yawaita. Ya datse bakin wuya, ya huda idanu da hanci, ya aske tabon da mahaɗin mazubi ke bari. Kwana ɗaya bayan zare kowace sai ya hau fenti da akirilik na masu zane, kamar yadda ya yi wa fuskokinsa na baya: jan ƙasa a ƙarƙashi, baƙi a cikin tamoji, rawaya a haƙora. Ƙahonin kuma ya shafa musu fenti mai garin tagulla don su yi ƙyalli.

A ƙarshen makon ya kai biyu don a gwada. Wani ɗan wasa ya sa ɗaya na kusan minti 20, yana ihu yana juya kai kamar yadda zai yi a bakin aiki. Da ya cire, fentin ya tsattsage a gefen baki da wuya kamar busasshen tabki, a wajen kunne kuma ya ɓare falle guda mai faɗin tafin yaro. Masu gidan ba su soke kwangilar ba, sun dai ce suna son ganin gyararriya kafin ƙarshen wata.

Tsakiyar Agusta: gyara uku da ba su kai ba

Abin da ya gani da idonsa fenti ne ya lalace, saboda haka a kan fenti ya mai da hankali, yana ci gaba da zubi don kada lokaci ya ƙure.

Da farko ya fesa banish mai sheƙi a kan sauran fuskoki biyun da ya riga ya fenta, da tunanin zai riƙe fentin. Banish ɗin na katako da takarda ne, ya fi akirilik taurin kai. Da ya ja kumatun fuskar sai banish da fenti suka fashe tare, tsagar ta fi ta da zurfi. Wannan gwajin bai ɗauki kwana biyu ba.

Na biyu shi ne haɗin da ake kira PAX, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Dick Smith, gwanin kwalliyar fim na Amurka. Ana gauraya akirilik da wani gam na manna kayan kwalliya a fatar mutum mai suna Pros-Aide, kashi ɗaya da ɗaya. Gam ɗin ba ya taurara, don haka fentin yana miƙewa tare da roba. A nan an samu ci gaba na gaske, domin tsattsagewar gefen baki ta ɓace gaba ɗaya. Sai dai fentin yana zama da danƙo sai an bi shi da hoda ko wani shafi, gam ɗin yana da tsada ga mai lulluɓe kawuna 12, kuma babbar damuwar ba ta tafi ba: a wajen kunnuwa, da gindin ƙahoni, da wasu wurare a ƙeya, idan ya murza da babban yatsa sai fentin ya naɗe ya taso kamar saɓar maciji. A ƙarƙashinsa robar tana da santsi da ɗan fari-fari.

Na uku shi ne tsohuwar hanyar masana'antu, wato sholisho irin na masu faci a tsinka shi da nafta, wani dangin fetur, a zuba launin fenti mai mai. Nafta tana kumbura saman roba, sholishon ya shige ya zama jiki ɗaya da ita. Wannan ya fi duk sauran kamawa. Amma a fuskoki masu sirantaka naftar ta kumbura robar har ta yamutse, kunnuwa suka lanƙwashe, kuma ba su dawo daidai ba. Ga shi tururin nafta yana kama wuta, yana kuma cutar da mai shaƙarsa, garejin a rufe yake, a kusurwarsa kuma akwai tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da gas wadda harshen wutarta ba ya mutuwa. Bayan dare ɗaya da ya kwana da ciwon kai ya ajiye wannan hanyar.

A cikin waɗannan kwanaki wata matsala ta daban ta ɓullo. Ƙahonin fuskokin farko sun fara yin laushi da danƙo, idan ya taɓa sai yatsa ya manne. A wannan lokacin yana da fuska 9 da aka zuba, ba ko ɗaya da zai iya miƙawa, kuma rabin robar da ya saya ta tafi.

Ƙarshen Agusta: dakatar da zubi da gwaji

A makon ƙarshe na Agusta ya daina zubi. Ya ɗauki almakashi ya yayyanka uku daga cikin fuskokin da ba a fenta ba zuwa ƙyallaye masu faɗin yatsu uku, ya rubuta a bayan kowane daga wace fuska ya fito da kuma wane sashe. Ya ɗauki littafi, ya ƙudura a kowane gwaji abu ɗaya kawai zai canza. Ma'auninsa biyu ne: ya ja ƙyallen har ya ninka tsawonsa sau 20, sannan ya manna salatif a kan fentin ya fizge.

Gwajin farko na wanki ne. Ya bar wasu ƙyallaye yadda suke da hodarsu, wasu ya wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano, wasu kuma bayan sabulun ya goge da giyar asibiti mai goge rauni. Ya fenta duka da PAX. Waɗanda ba a wanke ba salatif ya kwashe fentinsu, bayansa ɗauke da farin gari. Waɗanda aka wanke sun riƙe. Ashe fentin a kan hoda da ƙurar filasta yake zaune, bai taɓa robar ba.

Amma ƙyallayen kunne da gindin ƙaho ko an wanke su da sabulu sai an bi da giyar sau biyu kafin su karɓi fenti, kuma su ne mafi sirantaka. Wannan ya mai da shi ga mazubin. Ya buɗe shi ya riƙa ɗiga ruwa a sassa daban-daban na cikinsa. A goshi ɗigon ya nutse a hankali. A wajen kunnuwa da mahaɗi ya tsaya cur kamar a kan ganyen gwaza, a cikin zurfafan tamoji ma haka. Basilin ɗin da ya zarce, da maiƙon yumɓun da babu banish da zai tare shi, sun shige ƙofofin filastar sun toshe su. Inda filasta ba ta tsotso roba ba ta yin kauri, kuma ɗan maiƙon yana biyo kowace fuska. Man fetur da danginsa, har da basilin, suna kuma raunana robar itace.

Sai ya ɗora mazubin a sikeli, ya rubuta nauyin, ya ajiye shi a buɗe gaban fanka a cikin gida inda na'urar sanyaya ɗaki ke rage laima. Kullum yana aunawa. Nauyin ya yi ta sauka har kwana 5 kafin ya tsaya, kuma abin da ya ragu ya haura kilo ɗaya. Ruwan da ya tsotsa ne daga zubi 9 a jere, wanda laimar gareji ba ta bar shi ya fitar ba. Mazubin ya ƙoshi, shi ya sa kowace fuska ta fi wadda ta gabace ta sirantaka. Ya so ya sa shi a tanda don sauri, ya fasa, domin filasta idan ta daɗe a zafin da ya wuce digiri 50 a ma'aunin Celsius tana fara sakin ruwan da ke cikin ƙwayarta, ta yi gari ta rasa ƙarfi.

Gwaji na gaba na jira ne. Ya zuba ƙananan faifan roba a kan guntun filasta mai tsabta, ya fenta wani bayan kwana 1, wani bayan 2, wani bayan 4. Na kwana ɗaya yana da sauran fari a tsakiya da warin amoniya, kuma bayan kwanaki fentinsa ya ɗan tattare, saboda robar ta ci gaba da tsukewa da fitar da danshi a ƙarƙashinsa. Na kwana 4 bai motsa ba.

Batun ƙahoni bai bukaci dogon bincike ba. Tagulla da jan ƙarfe suna hanzarta ruɓewar robar itace, abu ne sananne a masana'antar roba, har ana hana ajiye ruwanta a kwanon da aka yi da su. Garin ƙyallin da ke cikin fentinsa tagulla ce ta gaske.

Daga ƙarshe ya gwada haɗin da masu yin fuskar hannu da yawa ke amfani da shi: ruwan roba kashi ɗaya, akirilik kashi ɗaya, tataccen ruwa kashi ɗaya. Karon farko da ruwan famfo ya haɗa, ya guntse kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, saboda gishirin ƙasa da ke cikin ruwan. Da tataccen ruwa da ɗigon amoniya ya haɗu lafiya. A kan wankakken ƙyalle busasshe ya jure ja 20 da fizgar salatif, bai bar danƙo ba.

Satumba: sabon tsari

Saura mako biyu da rabi, kuma mazubi guda ba zai iya ba da fuska 12 ba idan za a riƙa hutar da shi. Ya sanar da masu gidan gaskiyar halin da ake ciki, suka amince ya kawo 8 a kan lokaci, 4 bayan mako ɗaya.

Tsohon mazubin ya goge cikinsa da giyar asibiti da tsohon buroshin haƙori, yana maimaitawa yana gwajin ɗigon ruwa. Yawancin wurare sun buɗe. Kunnen hagu da gindin ƙaho ɗaya ba su warke sarai ba, don haka kafin kowane zubi yakan fara shafa musu ruwan roba da soso sau biyu, ya busar da na'urar busar da gashi, su samu kaurin da tsotso ba zai ba su ba.

Sassaƙar ta riga ta rushe wajen buɗe mazubi, don haka mazubi na biyu daga fuskar farko ya yi shi, wadda ita ce mai kauri. Ya ɓare fentinta, ya wanke, ya cusa mata tsumma da soso har ta tsaya ƙyam a kan butum, ya lulluɓe ta da filastar masu tukwane, wadda ta fi tsotso ko da yake ba ta kai ta mazubin farko ƙarfi ba. A leɓen mahaɗi ya shafa ruwan sabulu da ƙaramin buroshi maimakon basilin. Da yake an kwafo shi daga robar da ta riga ta tsuke, fuskokin da ke fita daga cikinsa sun fi na farko ƙanƙanta a bayyane. Ya ji tsoron za a ƙi su, sai aka yi dace huɗu daga cikin 'yan wasan masu ƙananan kawuna ne, waɗanda manyan fuskokin ke yi wa yawo.

Tsarin da ya tsaya a kai shi ne kamar haka. Ba ya zubi sai nauyin mazubi ya dawo kusa da busasshen nauyinsa da ya rubuta a jikinsa da alƙalami, wanda yake ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu a gaban fanka bayan zubi guda. Idan ya cika sai ya bubbuga gefe don kumfar iska ta taso daga hanci da haƙora, ya bar shi minti 75, yana ƙara ruwan roba idan ya sauka. Bayan juyewa yana barin fatar awa 24 a ciki da fanka tana hurawa ta bakin wuya. Hoda a ciki kawai yake sawa. Fuskar tana kwana 3 a kan sanda a cikin gida har farinta ya koma launin man shanu, warin ya tafi. Sannan wanki da sabulu, gogewa da giyar asibiti, da safar hannu daga nan har a gama.

A wajen fenti ma ya canza hannu. Shafin farko da soso yake dangwala shi, siriri, domin dangwalawa tana tura fentin cikin tamoji, ga shi buroshi mai kyau ba ya jimawa da ruwan roba kafin ya daskare a gashinsa. Yana yin shafi 2 ko 3 sirara, kowane ya bushe kafin na gaba. Inuwa kuma fenti ne mai ruwa-ruwa yake kwararawa cikin ramuka ya goge tudu da tsumma, sai ya yayyafa ɗigon ja, shuɗi da kore da buroshin haƙori don fatar ta yi kama da mai rai. Ya gwada bindigar fesa fenti, haɗin ya riƙa toshe bakinta, sai ya bar ta don inuwar ƙarshe kawai da fenti tsinkakke sosai. Ƙahoni ya yi musu launin tsohon ƙashi, ya ɗan shafa ƙyalli na garin ma'adinin maika wanda ba tagulla a cikinsa. Haƙora da leɓe ya bi su da shafi mai sheƙi wanda ke miƙewa, bayan ya gwada shi a ƙyalle.

Daga cikin tsofaffin fuskoki 9, biyu kawai ya ceto, waɗanda tagulla ba ta taɓa su ba. Sai da ya ƙaro ruwan roba. Ya miƙa 8 a tsakiyar Satumba, sauran 4 bayan kwana 8.

Oktoba zuwa farkon Nuwamba: sakamako

An yi amfani da fuskokin a dararen ƙarshen mako tun daga ƙarshen Satumba har daren Halowin, kowane dare awa 4 zuwa 5 cikin gumi. Ya ba masu gidan takarda mai umarni kaɗan: a goge ciki bayan kowane dare, a shanya a kan sanda nesa da rana da na'urar ɗumama ɗaki, a barbaɗa hoda a ciki, kuma a tambayi kowane ɗan wasa ko jikinsa yana ƙin roba, domin akwai mutanen da robar itace ke tayar wa ƙaiƙayi, kumburi, har da sarƙewar numfashi.

A makon farko na Nuwamba ya je ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda fentinta ya tsage ko ya ɓare. Guda 3 sun koɗe a haɓa da goshi, inda hannu ke kamawa wajen sawa da cirewa, ya sake dangwala musu fenti cikin awa ɗaya. Ɗaya daga cikin biyun da ya ceto ta yage a bayan wuya, ya like ta da ƙyalle da ruwan roba. A guda 5 kuma gefen ramin ido ya yi laushi da danƙo. Da ya bincika sai ya tarar 'yan wasan suna shafa baƙin kwalli mai maiƙo a kewayen idanunsu don kada fatarsu ta bayyana ta ramin, maiƙon yana cin robar. Wannan bai zo masa a rai ba lokacin da yake rubuta umarnin.

Hukunci

Matsalar da ta bayyana a matsayin lalacewar fenti a haƙiƙa matsaloli biyar ne da suka taru a wuri guda, kuma biyu ne kawai daga ciki suka shafi abin da ke cikin gwangwanin fenti, wato akirilik zalla da ba ya miƙewa da kuma garin tagulla. Sauran ukun, maiƙo da jiƙewar mazubi, hoda a waje, da gaggawar fenti kan robar da ba ta bushe ba, sun faru tun kafin ya ɗauki soso. Shi ya sa PAX da sholisho, waɗanda dukansu hanyoyi ne ingantattu a hannun wasu, ba su fitar da shi ba.

Shekara biyun da ya yi yana aiki ba su nuna masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, saboda kowane mazubi zubi ɗaya yake yi alhali yana bushe ƙayau, fuskar takan yi makonni kafin ya samu sukunin fenti, sannan ta zauna a kan kantar ajiya ba mai ja ba mai lanƙwasawa. Kura-kuransa suna nan tun farko, yanayin aikin ne ya rufe su. A ganina babban kuskurensa ba basilin ba ne, domin kowa na iya zarcewa da yatsa. Kuskuren shi ne ranar da fuska ta huɗu ta fito siririya ya gani ya wuce, ya ƙara zubi 5 a kan mazubin da ke nuna masa ya ƙoshi. Da ya ɗiga ruwa a cikinsa a ranar, da ya tsira da mako uku da kuma robar zubi 5.

Abin da ya yi daidai shi ne kwanakin da ya tsaya yana yanka ƙyallaye alhali lokaci yana ƙurewa, da kuma faɗa wa masu gidan gaskiya da wuri har aka raba miƙawar gida biyu. Kuɗin da ya samu da ƙyar ya rufe na kayan da ya saya sau biyu. Tsohon mazubin bai sake amfani da shi ba, domin gogar buroshi da zubi da yawa sun cinye ƙananan tamojin goshi, kunnen hagu kuma har ƙarshe bai koma tsotso ba. Robar da ta rage ya shigar da ita cikin gida kafin sanyin Disamba, saboda idan ta yi ƙanƙara a gareji ba ta sake narkewa ta yi amfani. A takardar umarnin da zai bayar badi ya ƙara layi ɗaya, cewa baƙin da za a shafa a ido ya zama mai ruwa, ba mai maiƙo ba.